Koyon Iyo da Amanar Rai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwana matasa, Kogin Sakkwato ya ratsa ta Gusau, ya wuce Bunguɗu, daga gare shi muke sha, a gefensa muke noman rani. Amma ranar 30 ga Satumba 2006, da madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kusan mutum 40 suka rasu. A Satumbar 2024 kuma kwalekwale ya kife da manoma a yankin Gummi, aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya ji ƙansu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne. Sai dai wannan bushara ce ga mamaci, ba ta ɗauke wa rayayyu nauyin riƙon sababi ba.

Na taɓa tambayar ɗalibaina a Islamiyya: wa ya iya iyo? Kaɗan suka ɗaga hannu, kuma dukkansu a ɓoye suka koya, a kududdufi ko bakin gulbi, inda babu mai lura, ga katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Iyaye na hanawa saboda tsoro, yara na zuwa a sace, babu mai koyarwa. Wuraren ninƙaya 'yan kaɗan da ake da su na otal ne; ɗan talaka daga Tsafe ko Kwatarkwashi ba ya da kuɗin shiga, mace mai kunya kuwa ba ta da wurin suturta kanta.

Malamai irin su Imamu Shaɗibi a cikin Muwafaƙat sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin karewa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umurci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. To, yaya za mu bar wannan ilimi a hannun sa'a?

Abin da nake gani shi ne a samar da wurin iyo na al'umma a matsayin waƙafi, kamar yadda muke haƙa rijiya da gina makaranta. A kewaye shi da katanga mai tsawo. A raba lokuta: ranakun maza daban, na mata daban, mata su koya wa mata, kowa da tufafin da ke rufe al'aura. A yi ɓangare marar zurfi domin yara, da gangara mai maƙari domin guragu da tsofaffi. A haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana don kada bazara ta ƙafar da shi, a yi rufi saboda ƙurar hunturu, a riƙa ɗumama ruwan da zafin rana, a tace shi, a sa masa magani. Kada a buɗe shi sai mai ceto yana tsaye.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, a fara da ƙarami. A Bangaladash, da gora suke kafa shinge cikin tafkin ƙauye, a nan suke koya wa yara iyo. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara, da attajiranmu, da kwamitocin masallatai, kowa na da rawar da zai taka.

Ya kai ɗan uwa, idan ka iya iyo, ka koya wa ƙanenka a wuri mai aminci, da izinin iyaye. Idan ba ka iya ba, kada ka faɗa ruwa don ceton wani. Miƙa masa sanda ko igiya, ko jefa masa jarka rufaffiya, ka yi kururuwar neman taimako. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta kwatanta raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.