Kafin ka sa hannu a kan motar ƙofa biyu

Idan kana zaune a Amurka, akwai ranar da ko dai zuciyarka za ta raya maka motar gudu, ko wani yaro a gidanku ya zo maka da maganarta. Ina nufin irin su Mustang, Corvette, Supra da Miata, masu ƙofa biyu, gajeru kamar za su lashi kwalta. Da ka shiga shagon dila kuwa, tambayar farko da za a yi maka ita ce nawa za ka iya biya a wata. Daga nan sai a shimfiɗa maka hanya biyu: ka saya da bashi, ko ka ɗauka haya na shekara uku, abin da suke kira lis. Ni nas ce a Huston, ba dillaliyar mota ba, amma aikinmu ya koya mana karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalba kafin mu ba da magani. To zauna mu karanta wannan tare.

A lis, motar ba taka ba ce. Takardar mallaka tana hannun kamfanin da ya ba ka haya. Abin da kake biya duk wata kashi biyu ne: faɗuwar darajar motar a shekarun da take hannunka, da kuɗin ruwa a kai. Tun ranar farko kamfanin yake yanke ƙimar da motar za ta kai ranar da za ka dawo da ita. Bari in ba ka misali da lissafi na kaina. A ce mota dala 45,000 ce, aka ce bayan wata 36 za ta koma 26,100. Bambancin 18,900 ne, wato 525 a wata. Sai wata 'yar lamba da suke kira moni fakta, a ce 0.0025. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Ka ninka ta sau 2,400, za ta ba ka kashi 6 cikin 100, kuɗin ruwan ke nan ya saka wata riga. A misalinmu zai kama kusan 178 a wata, jimilla 703. Wanda yake gudun bashin banki saboda riba, yana zaton lis haya ce zalla, ya kamata ya san da wannan lamba kafin ya je wajen malami da tambayarsa.

In kuma saya ka yi, da bashin shekara biyar a kan kashi 6 ɗin nan, za ka riƙa biyan kusan 870 a wata. Ka ga abin da dila zai nuna maka ke nan: 703 a nan, 870 a can. Amma bi lissafin zuwa gaba. Bayan shekara uku mai saye ya fi mai haya biyan kusan dala 6,000, sai dai bashin da ya rage masa bai kai 20,000 ba, motar kuma tana da darajar 26,100. Rabonsa a cikinta ya ɗan haura 6,000. Ashe a shekara ukun farko kusan kunnen doki suke. Inda suke rabuwa shi ne bayan haka. Mai saye ya ƙara shekara biyu ya huta da biya, mota ta zama tasa. Mai haya ya miƙa makulli, ya sake sabuwar yarjejeniya, biyan wata bai taɓa yankewa ba.

Mu da ke Tekzas muna da ƙarin nauyi. A yawancin jihohi harajin lis a kan kuɗin wata ake ɗora shi. A nan kuwa kashi 6.25 cikin 100 ne a kan farashin motar gaba ɗaya, kamfanin hayar ya biya, ya juyo maka da shi. A motar 45,000 ya haura dala 2,800, a kan abin da za ka mayar bayan shekara uku.

Abin da ya sa na zauna na koyi duk wannan, ɗan yayana ne. Shekararsa 26, ya samu aikin kwamfuta mai kyau, ya ƙyalla ido ya ga Mustang GT mai injin lita 5. Makin kiredit ɗinsa bai yi ƙarfi ba tukuna, don bai daɗe da fara gina shi ba, sai dila ya ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya kira ni, "Gwaggo, hannu kawai za ki sa, ni zan riƙa biya." Na ce masa, "Ɗana, ai sa hannun shi ne biyan." Wanda ya tsaya wa wani, doka tana kallonsa a matsayin mai bashin ne shi ma. Yaro ya makara wata ɗaya, tabon ya hau kan sunanka. Ka je neman bashin gida, a lissafa motar cikin nauyin da ke kanka. Na ce ya zo da takardun mu duba, ba zan ce e ko a'a a waya ba.

Da muka duba, abin da ya kashe maganar mil ne. Yarjejeniyar lis tana ƙayyade tafiya, yawanci mil 10,000 zuwa 15,000 a shekara, duk mil ɗin da ya ƙaru kuma akwai tara, sau da yawa tsakanin santi 15 zuwa 30. Shi an ba shi 12,000. Zuwa aikinsa da dawowa mil 50 ne, kwana biyar a mako. A mako 50 ya riga ya ci 12,500, bai je Juma'a ba, bai je cefane ba, bai leƙa iyayensa a Dalas ba, wanda zuwa kaɗai kusan mil 240 ne. In ya haura da mil 9,000 a shekara ukun, a santi 25, dala 2,250 ke jiransa ranar miƙa makulli, ban da kuɗin mayarwa, da kuɗin duk wata ƙarzuwa ko tayar da ta suɗe. Ga shi motar gudu cin taya gare ta. Kuma abin da samari suka fi so, a canza salansa, a sauke mota ƙasa, a sa manyan ƙafafu, duk sai ka mayar da su yadda suke kafin ka dawo da ita. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sai inshora. Saurayi da motar gudu, kamfanonin inshora sun san abin da suke tsoro, mu ma da ke aiki a asibiti mun sani, don mu ake kawo wa su da tsakar daren Asabar. Kamfanin haya kuma yakan tilasta maka cikakkiyar inshora mai iyaka babba. Ka kira ka ji farashin kafin ka je wajen dila. Ka tambayi inshorar cike giɓi, wadda ke biyan bambancin in mota ta hallaka alhali bashin ya fi darajarta. Duk wanda ya ga yadda guguwar Harvey ta nutsar da motoci a garin nan a Agustan 2017 ba sai an yi masa dogon bayani ba, balle motar da cikinta ke dab da ƙasa. Saboda haka ne ma ba na son a zuba kuɗi mai yawa a farkon lis: in motar ta tafi a wata na biyu, kuɗin nan sun bi ta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a gida. Rashin lafiyar mahaifi ko rasuwa na iya sa ka tafi wata uku, ko ka tattara gaba ɗaya. Fita daga lis kafin lokaci tsada gare shi ƙwarai. Kuma motar da ba ka da takardar mallakarta ba za ka loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ba. Wadda ka gama biya kuwa, ka sayar, ka aika wa ƙane, ka bar wa ɗiya ta tafi kwaleji da ita, duk naka ne.

Ban ce lis haramiyar hanya ce ga kowa ba. In kana da wata motar ta yau da kullum, tafiyarka kaɗan ce, aikinka ya zauna, kana son sabuwa duk shekara uku da garantin kamfani a kanta, kuma ka yarda kuɗin jin daɗi kake biya, to bismilla. Wanda ya yi shekara ashirin yana aikin dare a ƙasar mutane, in ya ce yana son ya ji iska ranar Lahadi, ba ni da bakin hana shi. Ɗan yayan nawa dai ya sayi Miata ta hannu, da bashin da ya iya ɗauka shi kaɗai. Fushin da ya yi da ni bai wuce mako biyu ba.

In za ka shiga shagon, ka yi cinikin farashin motar tukuna kafin a ambaci kuɗin wata, don a lis ma ana rage farashi. Dokar tarayya ta 1976 a kan hayar kayan masu amfani ta wajabta a rubuta maka kuɗin farko, jimillar biya, iyakar mil da hukuncin fita da wuri, saboda haka ka nemi takardar, ka tafi da ita gida, ka kwana a kai. Kada wani ya ce maka kana da kwana uku na fasawa, wannan dokar ba ta shafi motar da aka saya a shagon dila ba. Da alƙalami ya taɓa takarda, magana ta ƙare. In kuma kai ne aka zo wa da "hannu kawai za ka sa", ka tambayi kanka ko za ka iya biyan wata 36 ɗin nan daga albashinka ba tare da kuɗin da kake aika wa gida sun ragu ba. In amsar a'a ce, ka faɗa da wuri, cikin mutunci, zumunci zai fi daɗewa. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu a kan hanya.