Taswirar da Ta Ƙi Zama

Da yammacin nan a Dukku, ƙasar Kontagora, na gama zana iyakokin gonakinmu a manhajar taswira, na danna adanawa, sai kwamfuta ta ƙi. Da na duba, ashe filashin da aikin ke ciki ne ya zare, hanyar da manhajar ta sani ta yanke. Na sauya wa aikin mazauni, ya zauna lafiya. Sai na tuna dattawanmu da suka riƙe iyakar kowace gona a ka, daga tsamiyar nan zuwa wancan suri. Ran da ɗayansu ya kwanta dama, abin da ya sani ya tafi tare da shi. Mu zauna da su, mu rubuta, tun suna raye.