Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Mu da muka tashi a Nima da Mamobi mun san ƙamshin ruwan farko, mun kuma san abin da ke biye da shi. Da zarar hadari ya haɗo a watan Yuni, sai a fara fitowa da buhunan shara ana jerawa a bakin babbar gota. Ba mai tambayar wani dalili. Da yawanmu mun yi wannan aike muna yara, manya na ce mana mu hanzarta kafin ruwa ya ɗauke. A tunaninmu na lokacin, abin da ruwa ya tafi da shi ya bar duniya ke nan.

Ashe bai yi nisa ba. Gotar Nima tana gangarawa ta faɗa kogin Odaw, shi kuma Odaw ya ratsa tsakiyar Ankara ya zube a tafkin Korle, daga nan sai teku. Dattawan ƙabilar Ga, masu masaukinmu, suna girmama wannan tafki, kuma a da har kifi ake kamawa a cikinsa. Yau mai wucewa ta gadar sai ya toshe hanci.

Ledar ruwa da robobin da ke yawo a sama su ido ke gani, amma mafi muni shi ne wanda ba a lura da shi. Idan ruwan sama ya sauka a kan bola, yakan nutse cikin tulin, ya bi ta ruɓaɓɓen abinci da tsofaffin batura da baƙin mai da ƙunzugun jarirai, ya jiƙa su kamar yadda ake jiƙa magani, sannan ya tsattsafo ta gindin bolar baƙi ƙirin, da wari mai hawa kai. Wannan tsimi shi ke bin gangare ya shiga rafi, wani kuma ya sauka ƙasa inda rijiyoyi ke sha. A Agbogbloshie, bakin Odaw, an shafe shekaru ana ƙona wayoyin lantarki don a ciro jan ƙarfe, kusa da kasuwar albasar da 'yan uwanmu da yawa suka ci abinci a cikinta. An rushe wurin a 2021, an mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Sai dai katafila rumfa take rushewa. Dalmar da ƙasa ta riga ta sha tana nan, kowace damina tana ɗiban rabonta zuwa Korle.

Daren 3 ga Yuni 2015 bai bar zukatanmu ba. Magudanai sun cika da shara da yashi, ruwa ya rasa hanya ya mamaye Circle, mai ya malala a kansa daga wani gidan mai, wuta ta tashi a kan mutanen da suka fake. Rayuka kusan 150 suka salwanta. An yi kuka, an yi alkawura, an yashe Odaw. Damina ta zagayo, muka sake fito da buhunanmu.

Gaskiya ne motar shara ba ta iya shiga lungunanmu, mai aboboya kuwa sai an biya shi, kuma ba kowane gida ke da abin biya kullum ba. Wannan hakki ne a wuyan hukuma, ba mu yafe mata ba. Amma mu ne tun a makarantar allo aka karantar da mu cewa ruwan da ƙazanta ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarki. Mukan duba ruwan buta da kyau kafin alwala, sannan mu tsallaka gotar da muka cika da hannunmu mu shiga masallaci.

A can ƙasa kuwa, masuntan Jamestown suna jawo taru da asuba, su zauna tsince leda kafin su kai ga kifi. Kifin nan shi ake kawowa kasuwar Nima ranar Laraba, mu yi ciniki, mu kai gida.