Randar Da Ta Ɗaga Ranar Aurena

 Yau wani labari nawa na kaina zan ba ku, wanda na daɗe ina son in rubuta shi, kullum kunya tana hana ni. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, kwanan baya na ji wata yarinyar maƙwabtanmu tana cewa ita ba za ta shiga kulob ɗin kimiyya ba, wai ai wannan harkar maza ce da 'ya'yan masu kuɗi. Na yi murmushi kawai, don ni ma haka na taɓa faɗa.

A shekarar 2004 ina aji ɗaya na babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Babanmu manomin rani ne, yana da lambu a wajen Kadawa, tumatir da tattasai da albasa su ne cinmu su ne suturarmu. Duk wadda ta tashi a gidan mai kayan gwari ta san baƙin cikin da ke ciki. Yau an ɗebo kwando jawur gwanin sha'awa, jibi rabinsa ya yi ruwa. Ranar da kasuwa ba ta yi ba, Inna kan cika mini faranti in fita talla bayan an tashi daga makaranta, don kada a yi asara. Ban da wannan kuma, an riga an tsayar da magana tsakanin Baba da Gwaggo, cewa da an yi kaka za a ɗaura aurena da ɗanta, wanda nake kira Yaya. Ba ƙinsa nake ba, kada ku ce na ce. Mutum ne mai haƙuri, yana jan motar akori-kura. Sai dai duk sanda na tuna zan ajiye jakar makaranta, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ran nan wata Laraba bayan tashi, ƙawata ta ja hannuna zuwa taron kulob ɗin JETS, wato ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masu kimiyya da ake kafawa a makarantun sakandare. Ni dai don in huta wa farantin talla na bi ta. Malamarmu ta kimiyya ta ce akwai gasa a gaba, za a fara daga shiyya, wanda ya ci ya tafi ta jiha, kowace makaranta ta kawo abin da ta ƙirƙira. Muka yi tsuru-tsuru. Wata ta ce, "Malama, mu da ko wuta babu a ɗakin gwaje-gwajenmu, me za mu ƙera?"

Malama ta yi dariya ta ce, "Wace ce babu randa a gidansu?" Babu wadda ta ɗaga hannu. Sai ta ba mu labarin Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da ɗanyen tsumma, shi ke nan ya yi firji ba wuta ba kananzir. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da ba ya wuce kwana ɗaya ya kai 12. A shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabo da kyautar dala 75,000. Abin da ya fi taɓa ni, Malama ta ce ɗaya daga cikin abubuwan da suka dame shi shi ne 'yan matan da talla take hana su zuwa makaranta. Wallahi ji na yi kamar da ni ake.

Na ce, "To Malama, tunda wani ya riga ya yi, mu me ya rage mana?" Ta ce, "Ku auna. Ku gano sanyin nawa ne, yaushe yake ƙaruwa, yaushe yake raguwa, kuma don me. Wadda ba ta rubuta ba, ba ta gani ba." Ta ba ni aron ma'aunin zafi guda ɗaya tilo da makarantar take da shi, tana ta jan kunnena kada ya fashe, ta haɗa mini da littafi mai shafi arba'in.

A gida aka sha daru. Da Inna ta ga na kinkimo tsohuwar randarta ina zuba mata yashi, sai ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, ƙato da ke, ana maganar aurenki kina wasan ƙasa?" Gwaggo kuwa da ta zo cewa ta yi bokon ne ya fara taɓa ni. Na dai toshe kunne. Na zaɓi tumatir ashirin daga kwando ɗaya, goma na sa a cikin tukunya, goma na bar su kan faifai a ɗaki, don Malama ta ce in babu na waje da za a gwada da shi, ba mu da hujjar cewa tukunyar ce ta yi aikin. Safe da yamma ina yayyafa wa yashin ruwa. Sau uku a rana ina auna zafin waje da na ciki in rubuta, har da ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙanena na sa ya karanto mini lambar.

Bari in gaya muku sirrin abin, don ba tsafi ba ne. Kun san in kun yi gumi iska ta buso, sai ku ji sanyi? Ruwa ba ya zama tururi ya tashi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Tukunyar ƙasa tana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwan yashin yana tsattsafowa ta nan, iska tana kwashe shi, shi kuma yana tafiya da zafin da ke ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, shi ya sa kuma in aka shafe randar waje da siminti ko fenti an kashe ta. Iyayenmu sun san haka tun kaka da kakanni, lissafin ne kawai ba su rubuta ba.

A watan Afrilu, tsakiyar bazara, ma'aunin kan haura 40 a tsakar gida, cikin tukunyata kuwa bai kai 30 ba. Na kan faifai kafin mako ya zagayo sun yi laushi sun fara wari, na cikin tukunya suka shiga mako na uku da ƙwarinsu. Inna ta daina faɗa. Ran nan ma na buɗe na tarar ta cusa mini alayyafonta da goron Baba a ciki, ta ɓata mini lissafin kwana biyu! Da wannan muka je gasar shiyya, muka zo na ɗaya.

Gasar jiha kuwa sai ta faɗo a watan Yuli. Baba ya ce ba inda za ni, yarinyar da aka sa wa rana ba ta yawon gari. Na yi kuka har idona ya kumbura. Abin mamaki, Yaya ne ya je ya durƙusa ya ce, "Kawu, a bar ta ta je, ni zan kai su da Malamarsu, in dawo da su kafin magariba." Haka aka ɗora tukwanenmu a bayan akori-kura, an naɗe su da buhuna kamar ƙwai.

Da muka shiga zauren, gabana ya faɗi. Ga 'yan makarantun kimiyya da wayoyi da batura da fitilu masu walƙiya, mu kuwa ga mu da randa. Wasu samari suka wuce suna cewa, "'Yan mata, kunun zaƙi ake sayarwa?" Wannan duk mai sauƙi ne. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, zauren a rufe ba iska. Da alƙalai suka iso, wata malamar jami'a mai farin tabarau ta zura ma'auni ciki, ta ciro, ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, firjin naku bai yi sanyi ba. Bambancin bai taka kara ya karya ba."

Ƙawata ta fara hawaye. Ni ma ƙafata rawa take, amma sai na tuna da littafina. Na buɗe na ce, "Gaskiya ne, Malama. Ga shi nan, tun da ruwan sama ya sauka a watan Yuni sanyin yake raguwa. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta iya ɗaukar wani ruwan, to in ruwan yashin bai tashi ba, zafin ma ba zai fita ba. Wannan firjin na rani da bazara ne, kuma a lokacin ne tumatir ya fi yawa ya fi ruɓewa." Ta karɓi littafin, ta daɗe tana buɗa shafi bayan shafi. Ta tambaye ni kwana biyun da na ja wa layi, na ce Innata ce ta sa alayyafo. Duk suka tuntsire da dariya. Ta ce, "Da kin ɓoye wannan, da ban yarda da sauran ba."

Na uku muka zo. Kyautarmu littattafai da na'urar lissafi, sai takardar shaida. A mota ina ta jin haushi, Yaya kuwa bai ce uffan ba, ashe yana tsaye a bayan zauren ya ji komai. Da dare na jiyo shi a zaure yana ba Baba labari. Can Baba ya kira ni ya ce in kawo littafin. Bai yi boko ba, amma mutumin da ya shekara talatin yana lissafin kwanduna ba a yi masa wayo a lamba. Ya sa na karanta masa tun daga farko. Da na gama ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe abin da kike yi ke nan. Shekara nawa ya rage miki?" Na ce biyu. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Gwaggo ta yi fushi na wata guda, daga baya ta huce, da ta ji ɗan nata ne ya ce zai jira.

Ya kuwa jira. Yau shi ne uban 'ya'yana huɗu, ni kuma ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ni ke riƙe da kulob ɗin makarantarmu. Ina yawan ba ɗalibaina labarin 'yan mata biyar na wata makaranta a Onitsha, waɗanda a 2018 suka je Amurka suka ciyo zinare a gasar Technovation, da manhajar waya mai gano jabun magani. Su ma daga matsalar da suke gani a garinsu suka fara.

Don haka ƙanwata, in an ce akwai kulob ɗin kimiyya ko kacici-kacici ko gasar lissafi a makarantarku, ki sa sunanki, ko da kina jin ba ki iya ba. Ki duba madafin gidanku, ki ga me ke lalacewa, me ke cin itace, me ke wahalar da Innarki, daga nan za ki samu abin yi. Ki nemi izinin iyaye da ladabi, ki nuna musu aikin da idonsu, kada ki yi musu gardama. Ki riƙe littafi, ki rubuta ranar da abin ya yi da ranar da bai yi ba. Ni dai nawa yana nan cikin adakata, bangon ya yage, shafi biyu da jan layi.

Ku huta lafiya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.