Lugude a cikin kwamfuta

A ƙasar Daura, ana iya gane mutum daga tafiyarsa tun kafin a ga fuskarsa. Tafiyar dogari daban, ta mahaukan doki daban, ta mai tallan fura da ƙwarya a ka daban. Mun saba da wannan har ba ma ɗaukar sa ilimi, alhali masana sun daɗe suna auna shi.

A 1878, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa idan doki na sukuwa akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa. Duk wanda ya kalli hawan Sallar Gani ya ga wannan, amma ido ba ya iya tsayar da shi. A 1973 kuma, Gunnar Johansson na ƙasar Siwidin ya ɗaura 'yan fitilu a gaɓoɓin mutum a cikin duhu. Masu kallo ba su ga komai ba sai ɗigon haske, amma da ya motsa nan take suka gane mutum ne ke tafiya.

A kan wannan tushe aka gina fasahar ɗaukar motsin jiki. Ana liƙa wa mutum 'yan ƙwallaye masu mayar da haske a kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa da idon sawu. Kyamarori da dama suna kallon su ta kusurwoyi daban-daban, kwamfuta kuma tana lissafa inda kowanne yake sau ɗari ko fiye a daƙiƙa guda. Abin da ke fitowa shi ne ƙwarangwal mai motsi, ba fuska, ba tufa. Da ita aka yi fim ɗin Avatar na 2009, kuma da ita likitoci ke nazarin tafiyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, don su san inda gashi zai mayar da hankali.

Ni abin da ya ja ni gare ta shi ne kakata. Tana cikin matan ƙauyenmu da suka iya lugude, wato dakan da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya, kowace ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da taɓare sun yi karo ba. Yanzu gero inji ake kai shi. Na ƙirga 'yan matan gidanmu, babu wadda ta iya. Da na ce mata, "Kaka, ki faɗa mini yadda ake yi in rubuta," sai ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai ba da baki ake yi ba. Hannu ne ya sani."

Gaskiyarta. Tarihin Bayajidda da rijiyar Kusugu yana cikin littattafai, ba zai ɓace ba. Amma yadda ɗan dambe ke karkata ƙugu kafin ya kai naushi, yadda masaƙi ke haɗa hannu da ƙafa, yadda ake jinjina a gaban Sarki, da maganar hannu ta kurame, duk a jikin masu su suke. Idan sun tafi, sun tafi da su. Bidiyo na taimakawa, sai dai ta gefe ɗaya yake nunawa. Motsin da aka ɗauka kuwa ana iya juya shi, a rage saurinsa, a auna shi, a koya wa wani.

Abin farin ciki, yanzu ba dole sai da ɗakin gwaji mai tsada ba. Manhajar MediaPipe ta kamfanin Google kyauta ce, tana gano gurare 33 a jikin mutum daga bidiyon waya. Ba ta kai manyan na'urori daidaito ba, kuma babbar riga da zani kan ɓoye mata gaɓoɓi. Wannan ma aiki ne da ke jiran ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da sauran makarantunmu, domin mu muka san tufafinmu.

Sai dai a yi hattara. Tunda ana gane mutum da tafiyarsa, motsinsa sirrinsa ne. Kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, musamman iyayenmu mata na cikin gida, kuma a gaya masa inda za a kai abin.

'Yan uwana ɗalibai, a hutun nan kowa ya duba gidansu: wace sana'a ce ta rage a hannun tsoho ɗaya? A nemi izini, a kafa waya, a ɗauka daga kai har ƙafa, a rubuta rana da gari. Lissafin kwamfuta zai iya jira, tsofaffinmu ne ba za su jira ba.