Kafin In Saki Manhajata, Sai da Na Zauna Na Rubuta Bayaninta



Wata uku na yi ina haɗa wata 'yar manhaja mai amsa tambayoyi a Telegram, da harshen Python. Aikinta shi ne ta gaya wa baƙon da ya sauka Legas, da Hausa, motar da zai hau zuwa Agege ko Idi-Araba. Niyyata in ɗora ta a GitHub kyauta, duk mai so ya ɗauka ya gyara ta dace da Ibadan ko Fatakwal.

Ana saura mako guda, na tura wa wani abokina ya gwada kunna ta a kwamfutarsa. Kwana biyu yana fama, ta ƙi tashi. Da ya kira ni sai kunya ta kama ni, domin duk matakan kunna ta a kaina suke, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Sai na ɗage ranar, na ɗauko takarda na tsara abin da zan rubuta. Na farko, fayil ɗin README: mene ne aikin manhajar, me ake buƙata, da matakan kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, lasisi. A da ban san cewa idan babu shi, doka ba ta ba kowa damar ɗaukar aikinka ya gyara ya rarraba ba, ko da yana gani a fili. Na zaɓi na MIT, wanda ya yarda a gyara har a sayar, muddin an bar sanarwar haƙƙin mallaka. Na uku, yadda mai son taimakawa zai kawo gyara ko ya sanar da matsala.

Ina cikin rubuta matakan na tarar na bar lambar sirrin da BotFather ya ba ni a cikin fayil. Da na saki a haka, kowa zai iya aika saƙo da sunan manhajar. Gogewa ba ta wadatar, domin Git yana ajiye tarihi, don haka na soke ta na karɓi sabuwa.

Jiya na tura wa abokin nawa bayanin, na ce kada ya kira ni. Bayan minti 20 ya turo hoton manhajar tana amsa masa.

Matasanmu masu wannan sana'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina neman wanda zai taya ni duba Hausar bayanin kafin ranar Asabar.