Taga Ɗaya Ta Isa

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu muna jiran ranar da za mu mallaki kyamara mai tsada kafin mu fara koyon ɗaukar hoto. Mu da muke gwaji da wayoyinmu a kan ƙwarya, albasa da ƙwai mun ga cewa babban jarin shi ne haske, taga kuwa kyauta take ba da shi.

Mukan jawo tebur kusa da tagar da rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye, mu kashe ƙwan lantarki, domin launin haskensa dabam yake da na rana, idan suka haɗu sai hoton ya dagule. Mukan kashe filashin waya kuma. Sai mu tsaya yadda taga za ta kasance a gefenmu. Hasken da ya zo ta gefe shi ne ke fito da zanen jikin ƙwarya da saƙar faifai. Wanda ya zo ta bayan mai ɗauka yakan shafe su. In inuwa ta yi duhu, farin kwali a ɗaya gefen zai mayar da haske. In rana ta yi ƙarfi, farin mayafi a jikin taga zai tausasa ta. Hazon hunturu ma wannan aikin yake yi mana.

Josef Sudek, mai ɗaukar hoto a birnin Prag, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1940 ya shafe shekaru yana ɗaukar tagar ɗakin aikinsa, ya kuma riƙa ɗaukar ƙananan abubuwa kamar kofin ruwa da ƙwai. Ya rasu a 1976, har yau kuwa ana nazarin hotunan nan.

Abin ya shafe mu ta hanya biyu. 'Yar'uwar da ke tallar cincin ko sabulu a WhatsApp, hoto mai tsabta na iya jawo mata ciniki. Na biyu, albasa ba ta motsi, ba ta gajiya, saboda haka mu ne za mu koyi haƙuri. Wanda ya zauna ya ga yadda inuwa ke tafiya daga hantsi zuwa la'asar ya fara ganin kyan abin da yake wucewa kullum bai lura ba.

A wannan mako, mu zaɓi abu ɗaya a madafa, mu ɗauke shi sau uku: da safe, da tsakar rana, da yamma. Mu zo da hotunan taronmu na gaba mu gwada su tare.

Salama a gare ku.